Farantin Nafisa da Yajin Kakarta

Aikina na farko kowace safiya shi ne kankare ƙarfen suya. Wani faffaɗan ƙarfe ne kamar tebur, wuta na ci a ƙarƙashinsa, a kansa ake soya ƙwai da dankali da naman alade da duk abin da Ba'amurke yake karya kumallo da shi. Masu aikin yamma sukan shafe shi sama-sama su kama gabansu. Ni kuwa sai na zuba masa ruwa tun yana da ɗumi, na bi shi da makankara lungu-lungu, na sake zuba ruwa na sake bi, har sai farin tsumma ya fito da farinsa. Ku da kuke zuwa wurin wasan nan aikin hutun bazara, kuna dawowa kuna ce mini, "Mama Rabi, kicin ai easy ne, fasa ƙwai ne kawai," kallon kitse kuke wa rogo. Fasa ƙwai kowa ya iya, har kaza in ta yi tuntuɓe. Abin da na ɗauki shekaru ina koyo shi ne sanin duk abin da ya taɓa ƙwan kafin ya isa bakin mai ci. Akwai yarinyar da wannan sanin ne kaɗai ya sa ta iya cin abinci a waje kamar sauran yara. Sunanta Nafisa, zan zo kanta.

Na zo Greensboro a Amurka daga Maradi a farkon shekarun dubu biyu, na biyo maigidana, muka kama haya a unguwar Glenwood cikin ɗaliban jami'a da kekunansu. Wata maƙwabciya ce ta kai ni neman aiki a wurin wasan da ke bayan gari, inda ake da lilo da jirgin ƙasa na yara da tafkunan wanka. A bakin ƙofarsa akwai gidan abinci da ke buɗewa tun kafin a buɗe wurin wasan, saboda masu sammako: motocin coci, 'yan makaranta, iyalan da suka taso daga ƙauyuka da yara suna hamma. Karin kumallo kaɗai muke yi har hantsi, sannan masu abincin rana su karɓe mu. Ina shiga bas har tasharsa ta ƙarshe, daga nan shugabar kicin ta ɗauke ni a motarta.

Sunanta Mis Doroti, baƙar fata ce, dattijuwa daga Pleasant Garden, mai kaifin ido da gajeren haƙuri. Bazarar farko gaba ɗaya ba ta bar ni na taɓa wuta ba. Wanke-wanke nake yi, sai kuma karatun bayan buhu. Duk abin da aka sauke daga mota, fulawa ne, mai ne, garin fanke ne, sai ta juya shi ta ɗora yatsa a kan ƙananan rubutun nan ta ce in karanta mata. Turancina a lokacin bai wuce gaisuwa ba, Faransancin lakwal, wato makarantar boko, ne yake ɗan tallafa mini. Haushi ya ishe ni. Na ce a raina, ni da na tuƙa tuwon biki tun ban kai aure ba, yau ni ake koya wa karatun buhu? Amma a haka na haddace sunan alkama da madara da ƙwai da gyaɗa da kitsen alade a duk rigar da suke ɓuya cikinta, domin mai buhu ba ya kiransu da suna ɗaya.

Kusurwata, inda nake girki daban don masu abin da ba sa ci, ta samo asali ne daga abin da ni kaina nake ci. Ba na cin komai daga ƙarfen suya saboda alade, don haka na zo da ɗan kaskona daga gida, in lokacin hutu ya yi in soya ƙwaina a murhun ƙarshe. Kafin in fara sai in wanke hannu, in wanke cokalina daban, ba na ajiye shi inda ake ajiye nasu. Mis Doroti ta yi kwanaki tana kallona ta wutsiyar ido. Ran nan ta tsaya a kaina ta ce:

"Rabi, wa ya koya miki wannan?"

Na ce, "Addinina."

Ta ce, "To, abin da addininki ya koya miki kyauta, wasu a gadon asibiti suke koyonsa. Daga gobe wannan murhun naki ne."

Ta share mini kanta guda, ta sayo tukunya da kasko da wuƙa da cokalin juya ƙwai da katakon yanka, duk sababbi, ta naɗe mariƙinsu da koren tef. Ta tara ma'aikata ta ce duk wanda ya taɓa mai koren tef ya nemi wani aikin. Daga ranar, duk wanda ya zo ya ce akwai abin da ba ya ci, ni ake kira.

Ga yadda ake yin faranti ɗaya a kusurwar nan. Da farko ba na karɓar saƙo daga bakin mai kai abinci, sai na fita na ga mai cin da idona na tambaye shi: me ba ka ci, kuma me yake yi maka in ka ci? In na dawo sai in tuɓe rigar girkin da na soya wani abu da ita in sa wata, in wanke hannu har gwiwar hannu. Ku kuna ganin safar hannu ita ce tsafta. Safar da ta ɗauki burodi ta dawo ta ɗauki ƙwai ba ta da bambanci da hannun da ba a wanke ba, sai dai ta fi shi yaudara. Man shanu sai sabo wanda wuƙar kowa ba ta shiga ba. Man suya daga kwalbata. Ba na gasa burodin marasa cin alkama a na'urar da kowa ke amfani da ita, domin ɓurɓushin da ke ƙasanta ya isa ya kwantar da mutum kwana da kwanaki. In na gama sai in rufe farantin, in ɗauka da hannuna, in kira sunan mai shi, in tsaya har ya kai loma ta farko. Duk wannan kuwa ana yi ne layi ya kai bakin ƙofa, yara na kuka, mai kai abinci na buga ƙararrawa kamar gobara ta tashi.

Mutane iri-iri na gani. Akwai wani tsoho mai ciwon sukari da matarsa ke yi wa odar tsakin masara ba sukari, da ta juya baya sai ya kashe mini ido ya nuna kwalbar zuma. Akwai Baba Dauda, mutumin Jos, da ke kawo yaran cocinsu, hawan jini ya raba shi da gishiri, kullum sai ya ce, "Anti Rabi, ki sa albasa da yawa ta rufa mini asiri." Akwai Indiyawa da ko ƙwai ba sa ci. Akwai namu da ke raɗa mini, "Akwai alade a ciki?" kamar ɓarayi. Wani Alhaji ya shekara yana cin burodin nan nasu mai laushi da suke kira biskit, ranar da na faɗa masa da kitsen me ake kwaɓa shi, sai da ya nemi kujera. Akwai kuma masu ƙarya, waɗanda albasa ce kawai ba sa so amma su ce likita ya hana. Na taɓa yi wa Mis Doroti ƙorafinsu, ta ce ba aikina ba ne auna gaskiyar mutum, in yi wa maƙaryaci tara hidima ya fi in ƙaryata mai gaskiya ɗaya.

Farantin Nafisa na farko fanke ne, irin nasu mai faɗi kamar sinasir, da ƙwai ɗaya. Wata Asabar ce aka kira ni, na tarar da wata mata 'yar Damagaram, Hadiza, wadda ke jinyar wata tsohuwa a manyan gidajen Irving Park. A gefenta ga yarinya 'yar kimanin shekara bakwai, ta rungume robar abinci, tana kallon farantan yaran teburin kusa. Shayi kawai Hadiza ta saya don a bar su su zauna. Da ta ji ina Hausa sai ta ce:

"Anti, yarinyar nan allergy gare ta. Gyaɗa. Ko ƙurarta ta shiga bakinta sai maƙogwaro ya rufe. Sau biyu muna kwana gidan likita. Tun da aka haife ta ba ta taɓa cin abincin waje ba, ko birthday aka gayyace ta da robarta take zuwa."

Ba zan ɓoye muku ba, da a gida aka faɗa mini wannan da dariya zan yi. Mu da aka yaye mu da kunun gyaɗa, muka girma da ƙuli-ƙuli a aljihu, a ce gyaɗa za ta kashe ɗiyar Bahaushe? Amma na riga na zauna da Mis Doroti, wadda ta yi girki a makarantu ta ga yaro ya shiɗe a gabanta, kuma na ga 'yar jakar da ke ɗaure a ƙugun Nafisa, mai ɗauke da allurar gaggawa. Na kai Hadiza bakin ƙofar kicin, na fito mata da buhun fulawa da kwalbar mai da kwalin madara ta karanta da kanta. Na nuna mata kayan koren tef. Na ce ba garin fanke na kwali zan yi amfani da shi ba, da hannuna zan kwaɓa, tana kallo.

Da na ajiye farantin, Nafisa ba ta taɓa ba. Ta dubi uwarta ta ce, "Mommy, are you sure?" Sai da ta maimaita tambayar, uwar tana gyaɗa kai, sannan ta yanki ɗan ƙarami ta tauna a hankali kamar mai tsoron ƙaya. Hannun Hadiza na kan 'yar jakar nan, idonta na kan leɓen yarinyar. Babu abin da ya faru. Ta cinye tas, ta suɗe cokali, ta juya tana kallon yaran teburin kusa don su ga ita ma faranti gare ta. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba a aikin nan. Daga ranar, kusan kowace Asabar ta bazara sai sun zo, tun daga ƙofa take kira, "Anti Rabi, pancake!" Hausa kuwa tana ji sarai, amsawa ce sai da Turanci.

Sai ga mummunar shekara. Kamfanonin kujeru da masaƙu suka yi ta sallamar mutane, maigidana ma ya yi watanni a zaune. Motocin coci suka ragu, masu zuwa kuma su ci a gida kafin su taso. Aka sallami rabin ma'aikatan kicin, aka ce wa Mis Doroti ta je ta huta, aka kawo sabon manaja, matashi mai fara'a wanda bai taɓa ƙona yatsa ba. Ya daina sayen fulawa, komai sai ya zo daskararre a kwali a ɗumama. Man suya iri ɗaya, tukunyar suya ɗaya. Ya tsaya a kusurwata ya ce murhu guda da ma'aikaciya guda saboda faranti 'yan kaɗan asara ce, gara a liƙa sanarwa a ƙofa cewa ba mu da alhakin abin da ya sami kowa.

Na ce, "To yaran da suka saba fa, ina za su ci?"

Ya ce, "A gida, Rabi. Kamar da."

Na yi ta roƙo har ya gaji da ni. Muka yi sharaɗi: zan riƙe ƙarfen suya da wanke-wanke duka, kusurwa kuma in yi ta a tsakani, ya bar mini ɗan buhun fulawa da kwalbar maina. Amma ranar da aka sami matsala ko sau ɗaya, magana ta ƙare. Na yarda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma a bazarar nan nawa ya ɗauka, ƙafafuna kuwa har yau suna tuna mini.

A shekarar ce kakar Nafisa ta zo daga Damagaram, uwar mijin Hadiza, Hajiya Tsahara. Doguwar tsohuwa ce mai tsaga, mai hannun kyauta, irin waɗanda ba sa iya ganin yaro ba su tura masa wani abu a baki ba. Ɗanta ya yi mata bayanin gyaɗa sau ɗaya, ta ce ta ji. Hadiza kuwa suruka ce, ba ta iya tsayawa gaban uwar miji tana nanata mata doka, balle ta ce a buɗe mata jaka. Ta kuma ja wa Nafisa kunne cewa Kaka ba a yi mata musu, ba a ce mata no, abin da ta ba ka da hannu biyu ake karɓa, kada a koma gida a ce an lalatar da yarinya a Amurka. Ta haka yarinya ta tashi da doka biyu a kanta, kuma babu wanda ya faɗa mata wadda za ta bi in sun yi karo.

Ranar da suka zo su uku, na gaida Hajiya har ƙasa, muka taɓa hira ta tambayi mutanen Maradi. Na yi mata ƙwai da dankali a kusurwata, na yi wa Nafisa nata kamar kullum, na kai, na tsaya ta kai lomar farko. Hadiza ta ga komai lafiya ta tafi layin tikitin shiga wurin wasan, ni kuma na koma kan ƙarfe. Ina juya dankali na ɗaga kai ta tagar miƙa abinci, sai na hango Hajiya tana kwance ƙullin leda daga bakin mayafinta. Yaji ne. Da ja ne zalla da ban damu ba. Wannan kuwa ruwan ƙasa ne mai maiƙo, irin wanda ake daka shi da ƙuli-ƙuli, duk 'yar Maradi ta san shi daga nesa. Ta barbaɗa a nata, sannan ta miƙa hannu kan ƙwan jikarta.

Na yar da cokali na fito da gudu. Kafin in ratsa teburan ta riga ta gutsuri ƙwan da yatsunta ta kai bakin yarinyar, tana cewa, "Ci, uwata, abincin Nasara lami ne." Na ga idon Nafisa. Ta sani. Ta dubi ƙofa ko uwarta na nan, ba ta gan ta ba, ta buɗe baki ta karɓa.

Na fizge farantin daga gabansu, na ce wa yarinyar ta tofar, na sa wata mai kai abinci ta ruga ta kira Hadiza. Kun san abin da ake nufi da ɗauke abinci daga gaban tsohuwa tana ci. Hajiya ta miƙe tsaye ta ce:

"Ke ɗiyar wa ce? Ni za ki ƙwace wa abinci gaban mutane? Guba na ba ta? Yajin da na daka da hannuna, ubanta da shi ya girma!"

Na ce, "Hajiya, ki gafarce ni, akwai ƙuli-ƙuli a ciki?"

Ta ce, "To yaji ne babu ƙuli? Gyaɗa aka ce kada ta ci, ni ban ba ta gyaɗa ba!"

A wurinta gaskiya ta faɗa. Gyaɗa ita ce wadda ake ɓarewa a ci, yaji kuwa yaji ne. Ba ta rufe baki ba Nafisa ta fara tari, ta kama wuya, leɓenta ya soma tashi, fuskarta ta yi ruɗu-ruɗu. Hadiza ta iso ba takalmi ɗaya, ta zare allurar ta caka mata a cinya ta saman wando. Aka kira motar asibiti. Na tsorata ƙwarai, ban taɓa jin numfashin mutum yana fita da irin wannan ƙarar ba. Hajiya ta zauna daɓas a ƙasa, ledar yajin na hannunta, har aka tafi da Nafisa da uwarta.

Allah ya yi da sauran kwana, Nafisa ta kwana a asibiti aka sallame ta. Amma washegari manaja ya kira ni. Na ce masa ba daga kicin abin ya fito ba, uwar yarinyar ma za ta shaida. Ya ce ya sani, kuma ya yarda, amma motar asibiti a ƙofarmu ta tsaya, a farantinmu aka ci. Na shiga ban ɗauka ba, ba ta fid da ɓarawo. Aka liƙa sanarwar, aka kwashe kayan koren tef aka haɗa da sauran. Na ci gaba da ɗumama kwali har ƙarshen bazara, duk wanda ya zo ya ce akwai abin da ba ya ci in nuna masa ayaba da lemon kwalba. Abin ya yi mini ciwo, har yanzu in na tuna raina ɓaci yake.

Asarar Nafisa ta fi tawa. Hadiza ta gaya mini yarinya ta koma bayan inda ta faro. Ba ta cin komai sai wanda uwar ta dafa tana tsaye tana kallo. In Kaka ta shiga kicin, sai ta tashi daga tebur ta shige ɗaki. Ko ruwa Hajiya ta miƙo mata sai ta ɓoye hannuwa a baya. Hadiza kuma aikinta na wuni ne, wani lokacin har da kwana, yarinya sai ta wuni da yunwa ga tukunya cike. Ta rame, tsohuwa ma ta rame.

Wata Lahadi da hantsi na ji ana sallama a ƙofata a Glenwood. Hajiya Tsahara ce, ɗanta ya sauke ta ya koma mota. Na yi zaton faɗan ranar nan ta zo ƙarasawa, na shimfiɗa mata darduma ina ta ba da haƙuri. Ta ɗaga mini hannu.

"Bar shi, ɗiyata. Na haifi tara, na yi jikoki ban san adadinsu ba, babu wanda bai ci daga hannuna ba. Wannan kaɗai ke guduna kamar mayya. Watan gobe zan koma gida, ban san ko zan sake ganinta ba. An ce ke kika san yadda ake yi mata girki. Koya mini."

Tsohuwar da ta girmi uwata ce take ce mini in koya mata girki. Kunya ta kama ni, amma na sa mayafi na bi su. Na shiga kicin ɗin Hadiza na fara da kayan da Hajiya ta zo da su daga gida. Yaji ya fita, ƙuli-ƙuli ya fita, garin kunu ya fita. Sai na ga ɗan turmin dakan yaji a ƙarƙashin kantar kicin, ya yi baƙi yana sheƙi saboda tsufa. Na shinshina, na ce wannan ma sai ya bar gidan, domin itace shan mai yake, ko shekara aka yi ana wanke shi gyaɗar da ya sha ba ta fita. Hajiya ta ce na uwarta ne, a cikin kayanta ta rungumo shi tun daga Damagaram. Ta riƙe shi a cinya ta daɗe tana shafa bakinsa, sannan ta miƙa wa ɗanta ta ce ya kai mota, kada ta ƙara ganinsa sai a filin jirgi.

Muka sayo sabuwar tukunya da sabon ludayi na ƙarfe. Na nuna mata wankin hannu har gwiwar hannu, ta ce ai wannan alwala ce, ta iya. Da muka zo kan karatun bayan buhu sai muka tsaya cik, domin Hajiya ba ta karanta boko, ni kuma ba zan zauna gidan kullum ba. Nafisa na tsaye a bakin ƙofar ɗaki tana leƙenmu. Na ce mata:

"Nafisa, Kaka ba ta iya karatun nan ba. Ke kin iya. Duk abin da za ta sa a tukunya, ke za ki karanta, in kin ce a'a ba ya shiga."

Ta dubi kakarta ta ce, "I can say no?"

Na fassara wa Hajiya. Ta ce, "Faɗa mata ta ce a'a da ƙarfi, kunnena ya tsufa."

Yarinyar ta matso a hankali. Hajiya ta miƙa mata ledar shinkafa da hannu biyu, ta karanta ta gyaɗa kai. Kwalbar mai, ta gyaɗa kai. Gwangwanin tumatir, ta gyaɗa kai. Da aka zo kan wani garin kayan miya na kanti, ta bi rubutun da yatsa har ƙasa, ta ɗago ta ce, "A'a." Hajiya ba ta tambayi dalili ba, ta jefa shi a kwandon shara. Dafa-duka ta yi, da barkono da citta da aka niƙa a sabon injin Hadiza. Na koma gefe na naɗe hannu, ban taɓa ko ludayi ba.

Da ta sauke ta zuba a faranti, ta ajiye a gaban jikarta, ta ja da baya ta tsaya. Ba ta ce mata ci ba. Nafisa ta dubi farantin ta daɗe, Hadiza na bakin ƙofa ta toshe baki da mayafi. Ta ɗebi kaɗan ta tauna a hankali, ta jira, ta sake ɗiba. Ba wanda ya yi motsi a kicin ɗin har ta kai ƙarshe. Sai ta ɗaga farantin da hannu biyu ta miƙa wa tsohuwar, ta ce da Hausa:

"Kaka, ƙara mini."